Darasin noman rani: Burokoli ɗan'uwan shu, da lissafin da ake yi kafin a shibka

A shekarar 1984 fari ya ci gonaki a Nijar. Gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Tun daga lokacin garake suka yawaita a fadamu, da bakin tafkuna, da gulbin Maraɗi, da Magiya, da Korama. Yau shu da salati da tumatir da karoti ba baƙi ba ne a kasuwannin ƙauye.

Yanzu kuma sababbin iri suna shigowa kantunan birni, cikin fakiti mai kyakkyawan hoto. Ɗaya daga cikinsu shi ne burokoli. Mai garka yakan ji an ce yana da tsada a Yamai, sai ransa ya biya. Amma tsadar kaya a kasuwa daban, riba a aljihun manomi daban. Wanda ya zuba kuɗin cefanen gidansa a garka ba tare da lissafi ba, yana iya fita rani da bashi.

Wannan darasi zai nuna abu 3: abin da burokoli yake so, abin da nomansa yake ci, da abin da masu bincike suka gano a kansa.

Mene ne burokoli?

Burokoli da shu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tun zamanin da, manoman bakin tekun Bahar Rum suka yi ta zaɓen iri daga wata ciyawa guda. Wasu suka zaɓi mai naɗe ganye, aka samu shu. Wasu suka zaɓi mai tara fure, aka samu burokoli. A ƙasar Italiya ya fara yin suna, kuma sunansa ma daga harshen Italiya ya fito.

A shu, ganye ake ci. A burokoli, kai ake ci. Kan nan kore ne shar, kuma ba wani abu ba ne illa dubban ƙananan furanni da ba su buɗe ba, sun curu wuri ɗaya. Ana yanke shi tun furannin suna rufe. In suka buɗe, kan ya koma rawaya, mai saye ba ya so.

Abinci ne mai amfani ga jiki. Ɗanyensa ya fi lemu bitamin C in an auna kilo da kilo. Ganyensa ma ana ci, ana iya yin kwaɗo da shi kamar na shu.

Ƙasashen Sin da Indiya su ne kan gaba a duniya wajen noman burokoli da ɗan'uwansa shu mai farin fure. Ana kuma noma shi da yawa a Amurka, da Mekziko, da Sipaniya, da Italiya.

Burokoli ɗan sanyi ne

Ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 da 20. In zafi ya haura digiri 30 kwana da kwanaki, shibkar tana iya yin ganye mai kyau, amma kan ya lalace. Wasu furanni su yi girma, wasu su tsaya ƙanana. Kan ya yi tudu da kwari, ko ganye ya tsiro a tsakiyarsa.

A kudancin Nijar lokacin ɗari gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Disamba da Janairu, da dare ma'auni yakan sauka wajen digiri 15, da rana kuma ya kai 30 ko ya ɗara. In Afrilu ya zo, zafi yakan wuce 40. Ke nan ƙofar noman burokoli a nan ƙarama ce ƙwarai.

Ga kwanakin da yake bukata. Iri yana tsirowa cikin mako 1. Yana yin mako 4 zuwa 5 a wurin reno, har ya yi ganye 4 ko 5. Bayan dashe yana bukatar kwana 60 zuwa 90 kafin a yanka, gwargwadon irin. In an haɗa, wata 3 zuwa 4 ke nan. Wanda ya yi reno a ƙarshen Oktoba, kansa zai haɗu cikin sanyi. Wanda ya jira har Janairu, kansa zai haɗu da zafin Maris.

Wahalar ba ta ƙare ranar yanka ba. Kan burokoli yana da rai, yana ci gaba da numfashi bayan an yanke shi. A ɗakin sanyi mai digiri 0 yana yin mako 3 zuwa 4. A digiri 10 kwana 5 yake yi. A zafin kasuwa, kwana 1 ko 2 sun isa ya fara yin rawaya.

Abin da ya faru a Amurka

Labarin Amurka yana da darasi ga kowane mai garka, ko da yake ƙasar tana da nisa.

Mutanen Italiya da suka yi ƙaura zuwa can su suka kai burokoli. A shekarun 1920 aka fara nomansa don sayarwa a jihar Kalifoniya, a yammacin ƙasar. Akwai wani kwari can mai suna Salinas, kusa da teku. Iska mai sanyi tana busowa daga tekun, saboda haka zafi ba ya tsananta ko a tsakiyar bazara. Burokoli ya sami gida. Aka wayi gari wajen kashi 90 cikin 100 na burokolin da Amurka take nomawa daga Kalifoniya yake fitowa.

Amma manyan birane da yawa, kamar Niyok, a gabas suke. Tsakaninsu da Kalifoniya ya fi kilometir 4.000, wato ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau 4. Ana zuba burokoli a kwali, a cika da ƙanƙara, a loda a manyan motoci masu sanyi, su yi kwanaki a hanya. Kuɗin ƙanƙara da na mai da na direba duk kan mai saye suke komawa. Ga shi kuma Kalifoniya tana fama da fari lokaci lokaci, ruwan ban gona yana ƙara tsada.

Manoman gabas suna da ƙasa, suna da ruwa, kasuwa tana ƙofar gidansu. Me ya hana su cin wannan kasuwa? Iri ne. Irin da kamfanoni suke sayarwa an tace shi ne don sanyin Kalifoniya. A gabas bazara tana da zafi da gumi, dare ma ba ya hucewa. Sai kan ya fito a karkace, ƴan kasuwa su ƙi ɗauka.

Wani malami a jami'ar Cornell ta jihar Niyok, mai suna Thomas Bjorkman, ya bi diddigin matsalar. A binciken da aka buga a 1998, shi da abokiyar aikinsa sun nuna cewa akwai wasu ƴan kwanaki da zafi ya fi yin ɓarna. Kwanakin su ne lokacin da kai yake fara haɗuwa can cikin zuciyar shibkar, tun ido bai gan shi ba. Manomi ba zai ga ɓarnar ba sai bayan makonni, ranar da kan ya fito.

A 2010 aka buɗe babban aikin bincike kan burokolin gabas, da tallafin ma'aikatar noma ta ƙasar, Bjorkman yana jagora. Jami'o'i da kamfanonin iri da manoma suka haɗa hannu. Masu tace iri suka yi ta aurar da iri da iri. Duk sabon iri sai an gwada shi a wurare dabam dabam, daga jihar Men a arewa har Karolina ta Kudu, shekara bayan shekara. Wanda ya yi kyau wuri ɗaya ya lalace a wani, a ajiye shi. Aikin ya ɗauki fiye da shekara 10, kuma an samu sababbin iri da suka fi jure zafin gabas.

Ba masu tace iri kaɗai suka yi aikin ba. Har da masu lissafi. Su kuma aikinsu shi ne auna abin da kwali ɗaya yake ci tun daga iri har kanti. Kusancin kasuwa yana rage kuɗin mota. Amma wannan bai isa ba sai gona ta ba da kai mai yawa kuma mai kyau, sai an sami wurin sanyaya kaya, sai kuma manoma sun haɗu don ɗan kasuwa ya sami kaya kowane mako ba yankewa.

Darasin shi ne: iri mai dacewa da ƙasa, da lissafi, da kasuwa, tare suke tafiya kamar duwatsun murhu. In ɗaya ya faɗi, tukunya ta kife. Kuma a lura, zafin gabashin Amurka bai kai na Afrilun Tawa ba. Irin da aka rubuta wa "mai jure zafi" a can, a nan ma sai an gwada shi.

Ina kuɗin suke tafiya?

Mai garka da yawa kuɗin iri kaɗai yake tunawa. Alhali iri shi ne ƙaramin abu. Garam 1 na irin burokoli yana da ƙwaya wajen 300. Manyan masu cin kuɗi su ne ruwa, da ƙwadago, da kai kaya kasuwa.

Irin ma kowace shekara sai an sake saye. Yawancin wanda ake sayarwa haɗaɗɗen iri ne, mai alamar F1 a jikin fakiti. In an ajiye ɗiyansa aka shibka, ba za su yi kama da uwar ba.

Ga misali don koyon lissafi. Lambobin na darasi ne. Kowane mai garka ya sa kuɗin kasuwar garinsu a wurinsu. A tuna, jika 1 dala 200 ce.

Wani mai garka ya ware fili metir 10 a tsaye, metir 10 a kwance. Ya bar santimetir 50 tsakanin shibka da shibka. Bayan ya fid da hanyoyin ruwa da na tafiya, ya dasa 300. Ga abin da ya kashe:

Iri: jika 3
Takin gida da ɗauko shi: jika 4
Takin zamani: jika 2
Man injin ruwa da gyaransa: jika 10
Maganin tsutsa: jika 3
Ƙwadago, wato gyaran fangali da dashe da cire haki: jika 8
Kwanduna, da kuɗin mota, da kuɗin kasuwa: jika 6
Jimla: jika 36

Cikin 300 ba duka za su yi ba. Wasu sun mutu bayan dashe, wasu tsutsa ta cinye zuciyarsu. A ce 240 suka ba da kai mai kyau. In an raba jika 36 gida 240, kowane kai ya ci dala 30. Wannan lamba ita ce ta fi kowace muhimmanci. Ita ce kuɗin uwa. Duk kan da ya sayar ƙasa da dala 30, daga aljihunsa ya cika.

Yanzu a duba hanya 3.

Ta farko: ya sami mai saye tun da wuri, ya sayar da 240 duka a dala 50 kowane. Ya karɓi jika 60. A cire jika 36, saura jika 24. Ya ci riba.

Ta biyu: kaya sun yi yawa a kasuwa, aka saya a dala 30. Ya karɓi jika 36. Bai ci ba, bai faɗi ba, amma wahalarsa ta tafi a banza.

Ta uku: ya yanka kafin ya nemi mai saye. Kaya suka kwana 2 a rana, rabi suka yi rawaya. Ya sayar da 120 a dala 50, ya karɓi jika 30. Ya faɗi da jika 6.

Garka ɗaya, aiki ɗaya, ruwa ɗaya. Abin da ya raba riba da faɗuwa ya faru ne bayan yanka.

Akwai sauran lissafi ɗaya. Mai garka da iyalinsa sun yi wajen kwana 100 suna aiki. In an raba ribar jika 24 gida 100, ladan kwana ɗaya dala 48 ne. Sai ya tambayi kansa: da shu ko albasa ya sa a filin nan, nawa kwana ɗaya zai ba shi?

A gwada shi da shu

Shu yana da abin da burokoli ba shi da shi. In kasuwa ta faɗi, yana iya ƙara ƴan kwanaki a garka. Yana jure buhu da doguwar tafiya. In ya yi yawa ana shanya shi a ajiye. Kowace kasuwar ƙauye tana da mai sayensa, kowace uwargida ta san yadda ake dafa shi.

Burokoli ba ya jira. In kai ya isa yanka, kwana kaɗan ne furanni su buɗe. Masu sayensa a Nijar ba su da yawa, kuma yawancinsu a manyan birane suke, kamar masu otel da wasu kantuna. Garkar da take kusa da birni da hanya mai kyau tana iya gwadawa. Wadda take tafiyar wuni guda daga birni, haɗarinta ya fi yawa.

Abu ɗaya da burokoli ya fi shu: bayan an yanke babban kai, ƙananan kawuna suna fitowa a gefe har wasu makonni in sanyi bai wuce ba. Waɗannan suna shiga tukunyar gida.

Tsutsar shu ita ce tsutsar burokoli

Tun da dangi ɗaya ne, maƙiyinsu ɗaya. Babbar maƙiyiya ita ce wata ƙaramar tsutsa kore, ɗiyar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai toka-toka da yake tashi da marece. Tana zama a bayan ganye tana ci, har ganye ya koma kamar rariya. In an taɓa ta sai ta zabura, ta sauko da zare. Akwai kuma wata mai huda zuciyar ƙaramar shibka, ta hana ta yin kai.

Masu bincike a duniya sun daɗe da sanin tsutsar farko. Tana saurin sabawa da magani. Tun shekarun 1950 aka ga maganin DDT ya daina kashe ta, kuma daga baya ta saba da wasu magunguna da yawa. Wanda yake fesa magani iri ɗaya kullum, yana ƙara yawansa, kuɗinsa yake ƙonawa, yana kuma sa guba a abincin mutane.

Ga abin da yake rage ɓarna da kuɗi kaɗan:

A rufe wurin reno da gidan sauro, don kada a yi ƙwai a kan ƙananan shibka.
A duba bayan ganye sau 2 a mako.
A yi amfani da ɗiyan bedi, wato dogon yaro. A daka rabin kilo, a jiƙa a litir 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece sau 1 a mako, har bayan ganye.
In za a sayi magani, a tambayi malamin gona tukuna. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin fesawa da yanka.
Bayan an gama yanka a tumɓuke kututturan, a ba dabbobi ko a binne.
Kada a maimaita shu ko burokoli a fangali ɗaya shekara da shekara. A bi bayansu da albasa ko wani abu da ba danginsu ba.

Bincike a gida

Bincike ba aikin ƙasashen waje kaɗai ba ne. A 1975 Nijar ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna INRAN, kuma tana da babbar tasha a Tarna, kusa da Maraɗi. Geron HKP da manoma suka sani aikin masu tace iri ne. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai ƙasashen maƙwabta, daga hannun manoman yankin ta fito, masu bincike suka tace ta. Shu ma da can ɗan ƙasar sanyi ne. Sai da aka tace iri masu jure zafi, kamar KK Cross na wani kamfanin Japan, sannan nomansa ya yi sauƙi a ƙasashe masu zafi.

Mai garka da ya iya karatu da rubutu shi ma yana iya yin ƙaramin bincike. Ga yadda ake yi:

1. A fara da kaɗan. Fangali 2 sun isa a shekarar farko. Sauran garka a bar ta ga abin da aka saba.
2. In da hali a gwada iri 2, kowane a fangalinsa, da taki ɗaya da ruwa ɗaya.
3. A raba reno gida 2, a sa mako 2 tsakani, don a gane lokacin da ya fi dacewa da garin.
4. A sami littafi. A rubuta sunan iri, da ranar reno, da ranar dashe, da ranar yanka, da yawan kai mai kyau.
5. A rubuta duk dalar da ta fita, a ranar da ta fita.
6. A nemi mai saye tun ranar dashe, a ji yawan da yake so da kuɗin da zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.
7. A yi yanka da asuba, a sa a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a kai kasuwa a ranar.
8. A ƙarshen rani a kawo littafin taron ƙungiya, a karanta wa kowa.

In mutum 5 a ƙungiya ɗaya suka yi haka, garin ya sami ilimin da babu shi a jikin fakiti. Kuma in abin ya karɓu, ƙungiya ta fi mutum ɗaya iya cika alkawarin ɗan kasuwa da raba kuɗin mota.

Abin riƙewa

Burokoli yana son sanyi a garka, yana son sanyi bayan yanka. Kuɗin uwa na kowane kai shi ne jimlar abin da aka kashe, a raba da yawan kai mai kyau. Sabon iri da kaɗan ake fara shi. Wannan lissafi ba na burokoli kaɗai ba ne. Haka ake yi wa shu, da tumatir, da albasa, da duk abin da za a sa a garka.

Tambayoyi don tattaunawa a makarantar yaƙi da jahilci

1. Wane sashe na burokoli ake ci, kuma me ya sa yake komawa rawaya?
2. Me ya hana manoman gabashin Amurka cin kasuwar da take kusa da su?
3. Mai garka ya kashe jika 40, ya sami kai 200 mai kyau. Dala nawa kowane kai ya ci?
4. In ya sayar da 150 kaɗai a dala 50 kowane, riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Nawa?
5. A garin nan, wane kayan garka ne ya fi lalacewa kafin a sayar, kuma me ƙungiya za ta iya yi a kai?